Taga, soro da reshen mangwaro: yadda yaranmu ke faɗowa da abin da ke biyo baya

Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Wudil har Dutse, ko ya bi ta Gezawa da Gujungu ya nufi Gumel ko Haɗeja, ya san gini na sauya kama a garuruwan bakin titi. Inda da sai soron ƙasa da ɗakin kara, yanzu bulo ne da kwano, nan da can kuma ga bene: shaguna a ƙasa, ɗakunan haya ko ajujuwan Islamiyya a sama. Ɗan gari ya je neman kuɗi Legas ko Fatakwal, Allah ya buɗa masa, ya dawo ya zuba dekin. Abin farin ciki ne, ba mai ƙin ci gaban garinsu. Sai dai ginin ya zo wa ƙananan yara da haɗarin da gidan kakanninmu bai san shi ba, ya kuma tarar da tsofaffin haɗurran da muka daɗe muna zaune da su har idonmu ya daina ganinsu.

Tagar ɗakin ƙasa 'yar ƙarama ce, can sama kusa da azara, wata ma kan babba ba ya shiga. Magina sun yi ta haka saboda zafi da ƙura da sutura, amma yara sun ci moriyar hakan. Soron da ake hawa shanya kuwa, magini na ƙwarai yakan kewaye bakinsa da rawani. Tsakar gida rairayi ce ko turɓaya. Tagar yanzu faɗi gare ta, daga ƙugun babba take farawa, gilashi ne mai zugewa, an lulluɓe bayansa da ragar sauro. Gado ko kujera na ƙarƙashinta, domin nan iska take shigowa. Ƙasa kuma an malale ta da siminti. Yaro ɗan shekara biyu ya hau gado, ya dafa bakin taga don ya leƙa wucewar shanu ko ya ga mai kiran sunan yayansa, ya jingina da raga. A idonsa raga bango ce. Alhali 'yan ƙananan ƙusoshi ne ko zaren roba ke riƙe da ita, sauro aka yi ta ta tare, ba za ta ɗauki nauyin yaro ba.

Halittar jikin ƙaramin yaro ma tana ƙara masa haɗari. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, na babba kuwa wajen ɗaya cikin takwas. Nauyin yaro ya fi yawa ta sama, shi ya sa da ya leƙa ya wuce ƙima sai kan ya rinjaye shi, kuma kan ne ke fara isa ƙasa. Ƙoƙon kansa bai yi kauri ba, wuyansa bai yi ƙwari ba, bai kuma iya kare kansa da hannu ba yadda ɗan shekara takwas zai yi. Ƙafa ta riga hankali: yana iya hawa tun kafin ya san akwai saukowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. In aka cire haɗarin mota, babu wani haɗari da ya kai faɗuwa kisa. Tsofaffi suka fi yawa a cikin mamatan, amma rahoton da hukumar ta fitar tare da UNICEF a 2008 ya nuna yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 20 kusan 47,000 ne faɗuwa ke kashewa a shekara. Waɗanda suka rayu da shanyayyen hannu ko farfaɗiya ko ƙwaƙwalwar da ta taɓu ba su cikin wannan lissafi. Yaron ƙauyen da aka kai wa mai ɗori ma ba ya shiga rajistar kowane asibiti.

Tambayar farko da akan yi idan yaro ya faɗo ita ce, "Ina uwarsa take?" Ina ganin wannan tambaya zalunci ce, kuma lissafi ma ya nuna haka. Abin da ya faɗo daga tsayin mita 3, kwatankwacin bene hawa ɗaya, ba ya cika daƙiƙa guda kafin ya isa ƙasa, kuma yana isa da gudun kusan kilomita 28 a sa'a. Daga mita 6 gudun ya kusa kilomita 40, kamar babur mai gudu ya yi karo da katanga. Ko uwa na cikin ɗakin, ta juya ta sauke tukunya ko ta tayar da salla, an gama. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna macen Jigawa kan haifi kimanin 'ya'ya bakwai a rayuwarta. Ga goyo, ga mai rarrafe, ga daka, ga wanki, ga 'yar sana'ar ƙuli-ƙuli ko saƙar hula da take rufa wa kanta asiri da ita. Ido biyu ba za su tsare yara biyar daga safe har dare ba. Wanda ya zaɓi girman taga, ya ce a bar ƙarfen sai an sami kuɗi, ya tare da iyali a benen da matakalarsa ba ta da makari, ba uwar ba ce. Maigida ne da magini.

Akwai garin da ya gane haka tun da daɗewa. A birnin Niyu Yok na Amurka, yara na ta faɗowa daga tagogin dogayen gidajen haya, musamman lokacin zafi kuma a unguwannin talakawa. A 1972 hukumar lafiyar birnin ta fara gangami, tana bi gida-gida tana raba ƙarfen taga kyauta. A yankin Bronx faɗowar da ake kai rahoto ta ragu da rabi tsakanin 1973 da 1975. A 1976 aka mayar da abin doka: duk mai gidan hayar da ke da sassa uku ko fiye, dole ya sa ƙarfe a tagar sashen da yaro ɗan shekara 10 ko ƙasa yake zaune. Benayensu ba irin namu ba ne, kuɗinsu ma ba irin namu ba. Abin ɗauka shi ne inda suka ɗora nauyin. Wa'azi ga iyaye mata kaɗai bai wadatar da su ba, sai da suka kama mai gini.

Mu nan ƙarfen taga ba baƙo ba ne, kowane mai walda ya iya shi. Amma don ɓarawo muke sa shi, kuma nan gizo ke saƙar. Tunda ɓarawo ta ƙasa yake zuwa, sai a sa wa tagogin ƙasa ƙarfe a bar na sama, wato a bar daidai waɗanda ke kashe yaro. Inda aka sa ɗin ma, tazarar da za ta hana ƙato shiga ba ta hana ɗan shekara biyu fita. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce kada tazarar ta wuce santimita 10, wato kaɗan ta ɗara faɗin yatsu huɗu na babba. In ta wuce haka, jikin yaro na iya zurarewa kan ya maƙale, ya rataye ta wuya. Ƙarafan da aka gicciya a kwance kuma tsani ne gare shi, na tsaye suka fi. Ga kuma ɗaya ɓarin matsalar da bai kamata a ɓoye ba: ƙarfen da aka like da walda ko'ina ya sha tare mutane a ɗaki lokacin gobara, musamman da hunturu da ake shiga da garwashi. Saboda haka a kowane sashe a bar taga ɗaya mai ƙarfen da ke buɗewa, sakatarta can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, manyan gida kuma su san inda mabuɗin yake. Wanda bai da halin ƙarfe yanzu, ya janye gado da kujera da buhun hatsi daga ƙarƙashin taga, ya sa katako a hanyar gilashin yadda ba zai zuge fiye da yatsu huɗu ba. Wannan ko sisi ba ya ci.

Kangon gini ya fi taga yawa a karkara. Mutum ya zuba dekin, kuɗi ya ƙare, aka bar sama fili fetal babu katanga, rodi na tsaye tsirara, matakala ba makari. Iyali na zaune a ƙasa shekara da shekaru ana jiran a ci gaba. Sama ta zama wurin shanyar barkono da kuɓewa, wurin wasan yara, da bazara kuma wurin kwana. Yaron da ya tashi fitsari cikin dare, ido da barci, bai san inda dekin ya ƙare ba. Almajirai ƙanana da ke fakewa a irin waɗannan kangaye sun fi kowa shiga haɗari, domin babu babba a kusa da zai ga faɗuwarsu, balle ya lura da yadda suka kwana. Jeri huɗu ko biyar na bulo a bakin dekin, ko ƙyaure mai kwaɗo a gindin matakala, ai bai kai kuɗin fentin gaban gida ba. A birnin Kano akwai hukumar tsara birni da ke duba zanen gini kafin a fara. A ƙauye magini ne hukuma, sai kuwa mai unguwa da dagaci in sun sa baki. Shugabannin makarantun Islamiyya masu bene su ma abin ya shafe su, domin lokacin tashi yara ɗari ne ke turereniya a matakala ɗaya.

Yaro in ya kai shekara shida zuwa sama, bishiya ce ke kayar da shi. Daga Maris zuwa Mayu mangwaro ya nuna, reshensa kuma ga gautsi. Akwai tsamiya, akwai kanya, akwai ɗorawa, akwai dabino a kewayen Dutse, akwai kuka da ake kafa wa turaku a hau a ciro ganye. Masu cewa a hana yara hawa bishiya ba su zauna a ƙauye ba. Yawancin hawan nan aiki ne. Da rani, in ciyawa ta ƙare, yaro ake aikawa da adda ya saro wa awaki ganye ko ya kaɗo 'ya'yan gawo. Hannu ɗaya na riƙe da adda, ɗaya da reshe, wani lokaci reshen da yake tsaye a kai yake sara. Ba za a raba yaron karkara da bishiya ba, amma ana iya ba shi doguwar gora mai ƙugiya, a ce dogayen itatuwa na manya ne, a kuma kwashe duwatsu da kututture da tsohon bulo daga gindin bishiyar gida. Wanda ya faɗo kan rairayi da wanda ya faɗo kan dutse daga reshe ɗaya, raunin su ba ɗaya ba ne.

Duk da haka, abin da ya fi damuna shi ne sa'o'in da ke bayan faɗuwar. Sau da yawa nan ake rasa yaron da ya tashi da ƙafarsa.

Da farko, yaranmu na ɓoye faɗuwa, kuma mu muka koya musu. Yarinya 'yar shekara bakwai da aka goya wa ƙaninta, zani ya kwance ya faɗo ta baya kansa ya bugi dakali, ta san bulala ke jiranta. Sai ta lallashe shi ta yi shiru. Yaron da aka hana hawa mangwaron makwabta ya faɗo, zai shigo gida ya kwanta ya ce kansa ke ciwo. Da dare jariri ya fara amai, a ce haƙori ne. Babban yaron ya fara fizge-fizge, a ce zazzaɓi ne ya hau kansa, ko a ce iska ce ta taɓa shi tunda gindin tsamiya ya je. A tafi kemis, a tafi wajen mai ruƙiyya, babu wanda ya san an bugu. Gidan da yarinya za ta iya rugowa ta ce, "Inna, ƙanina ya faɗo daga bayana," ba tare da ta sha duka ba, ya fi gidan da ake tsoro tsare rai. Faɗa yana iya jira har gobe.

Na biyu, bugun kai yana da yaudara. Akwai jijiyar jini da ke bi ta cikin ƙoƙon kai a gefe, sama da kunne, inda ƙashin ba shi da kauri. In ta tsage, jini na taruwa a hankali tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwa. Yaro na iya suma na ɗan lokaci ya farfaɗo, ko ma bai suma ba sam, ya yi magana, ya sha ruwa, ya ci tuwo. Kowa ya ce, "Alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi, bar shi ya yi barci." Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba jinin wuri, ƙwaƙwalwa yake dannewa. Bayan 'yan sa'o'i a zo tashinsa ya ƙi tashi. Abin takaicin shi ne wannan yana cikin raunukan kai da tiyata ke warkarwa sarai in an isa da wuri. Saboda haka yaron da ya faɗo daga abin da ya fi tsayinsa sosai, ko ya suma ko da na ɗan lokaci ne, asibiti ya kamata ya kwana ko da yana dariya. Amai da ke maimaituwa, barcin da ya wuce ƙima, ciwon kai mai ƙaruwa, fizge-fizge, tangaɗi, sambatu, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci, maɗigar jariri ta kumburo, ko ya ƙi kama nono: ko ɗaya daga ciki aka gani, ba a jiran gari ya waye.

Ciki ma haka yake ɓoye rauni. Yaran da zazzaɓin cizon sauro ya sha kamawa, saifarsu kan kumbura ta leƙo ƙasan haƙarƙarin hagu, kuma kumburarriyar saifa ba ta da wuyar fashewa. A waje ba a ganin ko ɗigon jini. Sai dai yaro ya ɗashe, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa su yi fari, ya riƙa gumi mai sanyi, yana kukan ciki ko kafaɗar hagu, yana neman ruwa. Kada a ba shi abinci ko abin sha, domin mai yiwuwa tiyata ke gabansa. Wanda kuma ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ƙafafunsa sun mutu, kada a ɗaga shi a ce ya taka a gani, kada a girgiza shi, kada a naɗe shi a tsakiyar mutum biyu a kan babur. A kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a nemi mota. Ƙashin baya da ya tsage yana iya warkewa, laka in ta yanke ba ta komawa.

Sai maganar ɗori, wadda ke buƙatar adalci. Masu ɗori ba maƙiyan jama'a ba ne. Gado ne a gidaje da yawa, suna kusa, suna karɓar abin da ya sawwaƙa, suna kuma magana da mutum cikin mutunci. Sunan da suka yi ma yana da tushe: ƙashin yaro na haɗewa da sauri, yana kuma miƙe 'yar karkatar da ta rage yayin da yake girma, saboda haka yawancin karayar yara za ta warke a hannun duk wanda ya tsayar da gaɓar wuri ɗaya. Matsalar tana ga 'yan kaɗan ɗin da ba haka suke ba, kuma ido ba ya bambance su sai da hoto. Mafi shahara ita ce karayar da ke sama da gwiwar hannu kaɗan, wadda yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai suka fi samu in sun faɗo sun dafa ƙasa da tafin hannu. Babbar jijiyar da ke kai jini ga hannu ta gaban wurin take wucewa. Hannu zai kumbura a kwana na farko da na biyu. In an jera kara an ɗaure tamau da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe jini. Naman da jini ya daina isa gare shi yana fara mutuwa cikin kimanin sa'a shida. Yaro na ihu, a ce masa, "Daure, ɗori ne ke kamawa." Kwana biyu ya yi shiru, a ce ya sami sauƙi, alhali jijiyoyin ne suka mutu. Ranar da aka kwance, yatsu sun yi baƙi, ko hannun ya ƙanƙance ya lanƙwashe har abada.

Daga nan ne maganar nan ta samo asali, wai "asibiti yanke hannu suke yi." Likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna rubutu a kan ruɓewar gaɓa bayan ɗaurin gargajiya, kuma yara ne da yawa daga cikin waɗanda ake yanke wa. Hannun da ya isa asibiti a ranar da ya karye da wuya a yanke shi. Wanda ya isa bayan mako guda yana wari, ba abin da ya rage sai a ceci ran mai shi. Mutanen gari kuma su ga an tafi da yaro da hannu biyu an dawo da ɗaya, tsoro ya ƙaru, na gaba ma a ƙi kai shi da wuri. Asibitin ƙashi na Dala yana nan a Kano tun 1959, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ga na Rasheed Shekoni a Dutse, ga cibiyar lafiya ta tarayya a Birnin Kudu. Ba kowace karaya ce sai an je can ba, babban asibitin ƙaramar hukuma na iya ɗaukar hoto ya faɗi wadda ta fi ƙarfinsa. Da masu ɗori za su yarda su riƙa mayar da iri uku, wato karayar gwiwar hannu, da wadda ƙashi ya huda fata, da wadda yatsu suka yi sanyi ko suka daina motsi, da hannuwa da yawa sun tsira, sana'arsu kuma ba ta ragu da komai ba. Iyayen da suka riga suka kai ɗori, su riƙa duba yatsun kowace sa'a a kwana biyun farko. In sun kumbura sun yi sanyi, ko launinsu ya sauya, ko yaro ya ƙwalla ƙara da an miƙe masa yatsa ɗaya, a kwance ɗaurin nan take a kama hanya.

Na san hanyar ba ta da sauƙi. Daga wani ƙauyen Gwaram ko Birniwa ko Doguwa zuwa inda ake hoton ƙwaƙwalwa tafiya ce ta sa'o'i, ga kuɗin mota, ga na hoto, da damina ga hanyar da ruwa ya cinye. Mutumin da ya ce "tsautsayi ba ya wuce ranarsa" sau da yawa aljihunsa ya duba kafin ya faɗa. Wannan nauyi ne a kan gwamnatocin jihohin Kano da Jigawa, su sa raunin yara cikin abin da ake yi kyauta ko da rangwame, su kuma koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane alamomin da ke sa a tura yaro gaba ba tare da an tsaya ƙarin ruwa ba. Amma akwai jinkirin da ba na kuɗi ba. Yaro ya faɗo da hantsi, maigida na kasuwar Maigatari ko ya tafi cirani, waya ba ta shiga, uwa na zaune da yaro a cinya tana jiran izinin fita har la'asar. Maigida na iya kawar da wannan tun yau da magana ɗaya: ya gaya wa matarsa, a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa, cewa duk ranar da yaro ya bugu a kai ko ya karye, ta fita da shi ba sai an same shi ba, ya nuna mata wanda za ta kira a cikin masu mota na garin, ya kuma faɗi wanda zai ba da kuɗin mai kafin ya dawo.